Gangaren Ochanomizu: Cinikin Tsohuwar Jita a Tokyo

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Ochanomizu ta ƙofar yamma, ya bar kogin Kanda a bayansa, ya bi gangaren da ke sauka Jimbocho, unguwar masu tsofaffin littattafai, kunnensa zai riga idonsa sanin inda ya shigo. Ta wannan ƙofa wani na gwada tsirkiya, ta waccan wani na ɗaure ta, har ƙarar motoci ta koma baya. Sunan titin Meidai-dori, ya samo shi daga Jami'ar Meiji da doguwar hasumiyarta ke tsaye a gefensa, kuma dama da hagu shagunan kayan kiɗa ne manne da juna. Ba su da faɗi, sama suke tafiya. A ƙasa ake rataye jitocin lantarki masu launi-launi da sauƙin kuɗi, na 'yan makaranta. Kana hawa matsattsen bene hayaniya na raguwa, farashi na ƙaruwa, har ka kai hawan da ba ka jin komai sai ƙamshin tsohon katako da gam, ga na'urar tsotse laima tana aiki a lungu, ga ma'aunin danshi a bango. Wannan hawan na zo nema.

A watan Yuni na 2024 na sauka Tokyo, Japanawa na tsakiyar daminarsu, sama a rufe, riga na manne wa mutum a jiki. Ziyarar ɗan yayata da ke karatu a can ce ta kai ni, shi ne kuma ya zama bakina da kunnena a duk inda muka shiga. Amma tun daga gida na ƙudurta cewa zan nemi jita ta hannu, irin wadda ba ta bukatar lantarki, wadda aka yi da katako na gaske. Tun ina saurayi kaset ɗin Ali Farka Touré da na makaɗan Agadas suka jefa ni cikin wannan kiɗa, kuma shekara da shekaru da jitar filawud nake yi. Ta yi mini hidima, sai dai muryarta tana da iyaka, na kuma san iyakar.

Dalilin da ya sa tsofaffin jitocin Amurka suka taru a wannan gangare tarihin kuɗi ne. Har zuwa 1971 dala ɗaya yen 360 ce, ba ta motsi. Lokacin da samarin Japan suka rungumi waƙa da jita a ƙarshen shekarun 1960, ta Amurka ta fi ƙarfin aljihunsu nesa ba kusa ba, sai masu ƙira na gida irin Yamaha da Morris da Yairi suka tashi suna yin nasu a kan samfurin Amurka, har suka gwanance. Bayan 1985 yen ta yi daraja, samarin nan sun girma sun yi kuɗi, suka shiga sayo abin da suka daɗe suna kallo a hoto. Suka kuma riƙe shi da kyau, domin Bajapane mutum ne mai tattalin kaya. Yanzu ruwa ya juya. A ƙarshen watan da na je dala ta haura yen 160, faɗuwar yen da rabon a ga irinta tun 1986, shi ya sa a kowane bene za ka ci karo da baƙi daga Koriya da Sin da Turai, har da Amurkawan da suka zo mayar da kayan ƙasarsu gida.

Akwai ladabin wurin, kuma ya burge ni. Ba ka miƙa hannu ka sauke jita daga bango. Sai ka nemi izinin gwaji, mai shago ya sauke ta da kansa, ya ɗaure tsirkiyoyin, ya ba ka kujera, ya roƙe ka ka cire agogo ka rufe kan bel ɗinka don kada su karce ta. In ka gama ya goge ta da ƙyalle kafin ya mayar. Jitar da ta shekara hamsin tana samun irin wannan riƙo dole ta bambanta da wadda ta sha jifa a bayan mota.

A wani shago da ke tsakiyar gangaren, a hawa na sama, na ga wata a cikin gilashi ita kaɗai. Martin ce, samfurin D-28, babba mai faɗin ƙugu, fuskarta ta rine ta koma ruwan zuma. Mai shagon, dattijo mai furfura, ya juya mana bayanta: katako mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, da siraran baƙaƙen zane suna ratsa shi.

"Kawu, ya ce wannan hakaranda ce, ta 1968," in ji ɗan yayata.

Na ce, "Ɗana, tambaye shi ko tana da takardar fita ƙasa."

Dattijon bai jira an gama fassara ba. Ya gicciye hannuwansa biyu a gaban ƙirji, yadda Japanawa ke nuna a'a, ya ambaci Yarjejeniyar Washington.

Hakaranda shi ne sunan da 'yan kasuwar jita a Japan ke kiran rozwud na Brazil, itacen da masana ke kira Dalbergia nigra, wanda ke fitowa a dajin gaɓar Atlantika, musamman wajajen Bahia. An yi ɗaruruwan shekaru ana sare shi don kujeru da kabad da fiyano, ana kuma share dajin don noma, har ya kusa ƙarewa. A ƙarshen shekarun 1960 Brazil ta hana fitar da gungumensa. Kamfanin Martin, wanda Bajamushe Christian Frederick Martin ya kafa a New York a 1833 kafin ya koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, ya sauya zuwa rozwud na Indiya a 1969. Wato wadda ke cikin gilashin nan tana cikin 'yan baya-bayan da aka yi da tsohon katakon. A 1992 aka sa hakaranda a jeri na farko na CITES, yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa da aka sa wa hannu a Washington a 1973. Jeri ɗaya ke nan da mafi yawan hauren giwa. Jitar da aka yi kafin 1992 ba haramtacciya ba ce, amma ba za ta tsallake iyaka don ciniki ba sai da takardar hukuma mai shaida cewa katakon ya riga dokar, kuma takardar tana cin lokaci. Da yawa daga shagunan sun gwammace su sayar wa ɗan gida su huta. Wanda ya yi ganganci ya ɗauka ba takarda, kwastan na da ikon ƙwacewa a duk filin jirgin da ya sauka.

Duk da haka dattijon ya buɗe gilashin ya ba ni. Farashinta ya haura yen miliyan ɗaya da nisa, ya kuma san ba zan saya ba. Na kaɗa tsirkiya ta ƙasa, na ji ta a ƙirjina kafin kunnena, sautin ya daɗe bai mutu ba. Jita ce ta kirki, ba zan rage mata komai ba.

Amma tambayar da ta biyo ni har gindin bene ita ce: a cikin wannan murya, nawa ne rabon hakaranda? Baya da gefuna aka yi da shi. Abin da fata take ga ganga, shi fuska take ga jita, ita ke rawa ta tura iska. Fuskar kuwa farin itace ne mara nauyi na ƙasashen sanyi, wanda ake kira Sitka, daga dazukan gaɓar Alaska da yammacin Kanada, an fere shi har kaurinsa bai cika milimita 3 ba. Tun 1862 Antonio de Torres, uban jitar Sifen ta zamani, ya ƙera wata da baya da gefunan kwali don nuna cewa fuska ce mai magana, kuma tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. A 2018 aka buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Lancaster a Ingila, inda maƙeri ɗaya ya yi jita shida iri ɗaya, bambancinsu katakon baya da gefe kaɗai, har da hakaranda da rozwud na Indiya da mahogani. Aka ba makaɗa 52 su gwada a ɗaki mai duhu, sanye da baƙin tabarau irin na masu walda. Makin da suka ba jitocin ya zo kusan ɗaya, kuma da ƙyar suke iya rarrabe wannan da waccan.

Ban ɗauki wannan a matsayin cewa katako ba shi da tasiri ba. Mai ƙira na jin bambanci a hannunsa, yana kuma sarrafa kowane itace yadda ya dace da shi. Abin da na yarda da shi shi ne cewa mafi yawan kuɗin da ake ɗorawa a kan hakaranda kuɗin ƙarancinsa ne. Abin da ya sa ta 1968 ɗin nan ke daɗi ya fi yawa daga fuskarta, da sandunan da aka manna a ƙarƙashin fuskar, da shekarun da ta yi tana bushewa a hankali a hannun wanda bai wulaƙanta ta ba. Mai neman ajiyar dukiya ya bi sunan itace. Mai neman abin kaɗawa ya duba lafiyar jitar.

Duba lafiyar kuwa a wani shagon na ga yadda ake yi, wajen wani mai gyara da ke da ɗan teburi a lungun hawa na uku. Idona ya faɗa kan wata ta wani ƙaramin maƙeri, bayanta na walƙiya, an zagaye bakinta da ƙwaryar kifin teku. Mai gyaran ya ɗauko dogon ma'auni na ƙarfe ya kwantar a kan wuyanta, ya tura shi har ya iso jaki, katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuska. A lafiyayyar jita bakin ma'aunin zai hau daidai saman jakin. A wannan sai ya daki gefensa, can ƙasa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan abin da ya kai kilo 70 zuwa 80 dare da rana, kuma a hankali suke janyo wuya gaba, fuska ta kumbura a bayan jaki. Tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsu su sha wuya. Mai jita sai ya riƙa goge ɗan ƙashin da ke kan jaki don ta sauko, har ƙashin ya ƙare. Na wannan ya kusa shafewa. Maganinsa a cire wuyan gaba ɗaya da tururi, a sake fere mahaɗin, a mayar. Aiki ne na gwani, mai tsada. Abin da ya ƙara mini ganin girman mutumin shi ne kayan shagonsu ne, kuma an riga an rubuta aibin a takardar da ke rataye jikinta.

Ya nuna mini sauran. Ya sassauta tsirkiyoyi ya zura ɗan madubi da fitila ta bakin jitar, muka ga cikinta: ko wata sanda ta ɓalle, ko akwai 'yan gutsattsarin katako da aka manna don ɗinke tsaga, ko ƙwallayen tsirkiya sun cinye allon da ke ƙarƙashin jaki. Ya ƙwanƙwasa fuska da ɗan yatsa yana sauraron kaɗawar abin da ya saki. Ya kashe wuta ya haska ta da shuɗiyar fitila, wadda ke tona inda aka sake fenti, domin tsohon shafe da sabo ba sa haske iri ɗaya. Ya ce, ta bakin ɗan yayata, tsagar da aka ɗinke da kyau ba abin tsoro ba ce, tana rage kuɗi ne ba ta rage murya. Wadda za a guda ita ce jitar da aka goge fuskarta aka sake mata fenti mai kauri don ta yi kyan gani.

Ranar Juma'a ce, sai muka bar ciniki muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Shin-Ochanomizu kai tsaye zuwa Yoyogi-Uehara, inda Masallacin Tokyo yake, ginin Turkawa mai ƙubba da aka buɗe a 2000 a gurbin wanda Tatar 'yan gudun hijira suka gina a 1938. Bayan an sallame muka dawo.

Wadda na saya ba a gilashi take ba, a jere take da 'yan'uwanta a bango. Martin HD-28 ce, samfurin da aka fito da shi a 1976 don komawa ga tsohon salon fere sandunan ciki, wanda kamfanin ya daina a 1944. Ferewar tana rage musu nauyi, fuska ta sami sakewa. Lambar da aka buga a gungumen wuya daga ciki ta ɗan haura dubu 500, kuma da yake Martin ya kai wannan adadi a 1990, ba sai an yi gardamar shekarunta ba: ta farkon shekarun 1990 ce. Wannan ya yi mini daɗi ta wata fuska, domin daga 1985 ne kamfanin ya fara sa ƙarfen da ake iya murɗawa a cikin wuya, kuma mai gyara irin wanda na gani ba a kusa da gidana yake ba. Fuskarta Sitka, bayanta da gefunanta rozwud na Indiya, wuyanta mahogani, dangin maɗacinmu, allon yatsu da jaki kuma baƙin eboni. Tana da tabon farce kusa da baki, da wata gajeriyar tsaga a gefe da aka ɗinke tun tuni. Ma'aunin ƙarfe ya hau saman jaki daidai. Da na kaɗa irin zagayen da makaɗan Agadas ke yi, babban yatsa na riƙe da ƙasa, manuni na yawo a sama, kowace tsirkiya ta fito da muryarta daban, ba wadda ta danne wata. Ba ta kai ta 1968 zurfi ba. Ta fi ta tsabtar sama, kuma kiɗan da nake yi can yake zaune.

Baƙin allon nan shi ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne abin da ke jikinta da ya fi kusa da gida. Eboni ɗan'uwan kanya ne, kuma babban kaso na wanda masu jita ke amfani da shi daga dazukan Kamaru yake fitowa. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yanka eboni ta Crelicam a Yawunde. Bob Taylor ya faɗa a bainar jama'a abin da masu saran suka gaya masa: ba a gane launin cikin itacen sai an kayar da shi, kuma da yake kasuwa baƙi ƙirin kaɗai take so, sukan kayar da kamar goma kafin su sami ɗaya, sauran su ruɓe a daji. Daga nan kamfanin ya fara sa eboni mai ratsin fari a jitocinsa masu tsada. Tawa ta riga wannan gyara da shekara ashirin, allonta baƙi ne babu ɗigo, kuma ba na iya kallonsa ban tuna waɗanda aka bari a kwance ba. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. Duk wanda ya bi hanyoyin Taraba a tsakiyar shekarun 2010 ya ga manyan motoci maƙare da gungumen madobiya, wanda 'yan kasuwar ke kira Madrid, ana kai shi tashar jirgin ruwa zuwa Sin don kujerun alfarma, har sai da aka sa shi a jeri na biyu na CITES a 2017. Ɗan ƙauyen da ya riƙe zarto abin cefane ya samu, dajin kuma ya tafi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ban taɓa sha'awar sabuwa ba. Itatuwan da ke jikin wannan sun faɗi tun fiye da shekara talatin, sayena bai aika kowa daji da gatari ba.

Batun takarda ya zo da sauƙi. A Janairun 2017 an sa duk sauran dangin Dalbergia a jeri na biyu, abin da ya dagula cinikin jita a duniya, amma a Nuwamban 2019 aka cire kammalallun kayan kiɗa daga sharaɗin, ban da na hakaranda. Duk da haka na nemi a rubuta mini a rasit samfuri da lamba da sunan kowane katako, don kada wani jami'i ya ga duhun bayanta ya yi zaton na Brazil ne.

Ciniki kuwa ba irin namu ba ne.

"Kawu, nan fa ba a tayi," in ji yaron a hankali, ganin na gyara zama.

"To tambaye shi abin da zai iya yi wa baƙo."

Mai shagon ya danna na'urar lissafi ya juyo mini da ita. Ya cire harajin saye na kashi 10 cikin 100 da ake yafe wa baƙo mai fasfo, ya ɗan zaftare wutsiyar kuɗin saboda tsaba zan biya, ya ƙara da sabbin tsirkiyoyi da daidaita wuya kyauta. Iyakarta ke nan, kuma ban ji an cuce ni ba.

Sai da ana shirya ta a akwatinta mai gyaran shagon ya tambayi inda za ta. Aka ce masa Kano. Ya tambayi yanayin garin, ɗan yayata ya buɗe masa a waya ya nuna masa yadda danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin hunturu. Mutumin ya ajiye ƙyallen da ke hannunsa. Irin wannan jita kashi 45 zuwa 55 take so, ita kuma wannan ta saba da laimar Japan. Katako in ya bushe tsukewa yake yi ta faɗi, sandunan ciki ba sa bin sa, sai fuska ta lotsa, bakin ƙarafan wuya su fito su riƙa karce hannu, daga nan sai tsaga, yawanci daga jaki zuwa gindi. Ya ce kada in rataye ta a bango don ado, kada in bar ta a mota, kada ta kwana a gaban na'urar sanyaya ɗaki. In gama kiɗa in mayar da ita akwati in rufe. Ya sa mini ɗan ma'aunin danshi a ciki, ya nuna mini yadda zan huda gidan sabulu in sa jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai, in ajiye a ƙarƙashin kan jitar inda ruwa ba zai taɓa katako ba. Don tafiyar jirgi kuma ya sassauta tsirkiyoyin kaɗan, ya cusa takarda ta cike gurbin da ke kewaye da kai, domin nan ne ke karyewa in akwati ya faɗi.

Damina ta karɓe ta lafiya a Kano. Daga Nuwamba iska ta juya, soso ɗaya ya kasa, na ƙara na biyu a cikin jakar leda mai huji na rataya ta baki tsakanin tsirkiyoyi. Da su biyun ma'aunin kan tsaya wajen 45 in akwatin na rufe. A Janairu, in ƙura ta sauko sosai, kusan kullum sai na sake jiƙa su, kuma ba na fito da ita da tsakar rana sai bayan isha'i, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka rufe tagoginsa.